Yadda ake shirya taswirar waya kafin tafiya Yankari

Da can mai son zuwa gandun dajin Yankari sai ya tsaya a tasha cikin garin Bauchi ya yi ta tambayar direbobi. Yanzu hanyar tana aljihunka, sai dai in ba ka shirya wayar tun daga gida ba, a tsakiyar daji za ta juya maka baya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne GPS, wato abin da ke nuna inda kake a taswira, ba ya cin data. Kai tsaye yake karɓar sigina daga tauraron ɗan Adam, ko sabis ya ɗauke. Taswirar kanta ce ke buƙatar intanet. Don haka aikin farko shi ne sauke ta. Buɗe Google Maps inda sabis yake da ƙarfi, taɓa hotonka da ke sama, shiga Offline maps, ka ja akwatin ya rufe Bauchi, Dindima da Alkaleri har cikin gandun dajin, sannan ka sauke. Kada ka yi rowar fili, gandun kaɗai ya haura murabba'in kilomita 2,000.

Na biyu, ka sa alama a wurare uku: Dindima, inda ake barin titin Gombe a karya kudu, ƙofar shiga ta Mainamaji, da sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake. A nan baƙi suke ruɗewa. Mutum ya iso ƙofa ya ɗauka ya zo, alhali akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 kafin masauki. Duba nisan a taswira, ka sha mai a gari, ka kuma lissafa yadda za ka isa da sauran rana.

Daga nan sai ka gwada. Kashe data, ka nemi hanya. In shuɗin layi ya fito, to shiri ya yi. Ka lura, taswirar da aka sauke hanyar mota kawai take nunawa, ba ta san cunkoso ko inda ruwa ya cinye kwalbati ba.

Kafin ka bar Bauchi, tura wa wani na gida inda kake ta Live location na WhatsApp, ka zaɓi ya riƙa nuna ka har awa 8. Sabis na yankewa, alamar za ta tsaya cak a inda ta gan ka ƙarshe, don haka ka gaya masa tun da wuri, kada hankalinsa ya tashi. Riƙe layi biyu da fawa banki, GPS akwai shan caji.

Da ka shiga daji kuwa, mayar da wayar kyamara. Giwa ba ta cikin taswira. Ma'aikacin da zai raka ku shi ya san inda dabbobi ke sauka shan ruwa a bakin kogin Gaji, musamman da rani, kuma ba a shiga ba tare da shi ba.

Sai batun ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a ciki, wanda ɗuminsa ke tsayawa kusan digiri 31 dare da rana. Sa wayar a jaka ka ba wanda bai shiga ruwa ba ya riƙe. Kada ka ajiye ta cikin leda tare da biredi a bakin ruwa, gwaggon biri na wurin ledar yake wawura gaba ɗaya ya haye bishiya.