Yadda Za a Sake Rubuta Shaihu Umar Daga Bakin Mahaifiyarsa

Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafin da ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya, ya san cewa Umar ne yake ba ɗalibansa labarin rayuwarsa a garin Rauta. Mahaifiyarsa kuwa, wadda ta fi kowa shan wuya a littafin, ta bakin ɗanta kaɗai muke jin ta. Marubucin da yake son ba ta baki yana da aiki mai daraja a gabansa, kuma an taɓa yin irinsa, domin a 1966 marubuciya Jean Rhys ta ɗauko matar da aka kulle a ɗakin sama cikin littafin Turanci mai suna Jane Eyre ta gina mata littafi sukutum.

Aikin farko shi ne a sake karanta littafin da alƙalami a hannu, ana fitar da duk wurin da matar nan ta bayyana: mutuwar mijinta na fari, aurenta da Makau, sharrin da fadawa suka ƙulla masa har aka kore shi daga Kagara, tafiyarta Fatika ganin iyaye, sace yaron a bayanta, faɗawarta cikin bauta, zamanta a Murzuƙ, wani gari a hamadar Libiya, da haɗuwarta da ɗanta a Tarabulus gab da rasuwarta. Waɗannan su ne ginshiƙai, kuma ba a taɓa su. Idan marubuci ya tausaya mata ya raya ta ta dawo gida, to ya rubuta wani labari dabam. Filinsa yana tsakanin ginshiƙan, a shekarun da littafin ya tsallake da jimla ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi wuya, kuma a ganina nan ne aikin yake tsayuwa ko ya rushe, shi ne a tsare iyakar saninta. Mai karatu ya san Umar ya faɗa hannun Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya kuma sa shi a hanyar ilmi. Ita ba ta da wannan kwanciyar hankali. Abin da take da shi jita-jita ce ta fatake da maganar mutanen da ba ta san gaskiyarsu ba, kuma kowace safiya sai ta sake yanke wa kanta hukunci ko yaron yana raye. Saboda haka kada a bari ta faɗi abin da ba ta gani ba ko ba a gaya mata ba, ko da marubucin yana ƙaiƙayin nuna ya san littafin. Akwai kuma tambayar da ɗa ba zai iya yi wa uwarsa ba amma ita za ta yi wa kanta dare da rana: me ya sa na bar shi na tafi? A bar ta ta zargi kanta, ta zargi Makau, ta yi fushi, ta koma ga Allah, ta sake yin fushi. Macen da aka zana da haƙuri zalla, ba ta kuskure ba ta ƙorafi, mai karatu ba zai yarda da ita ba.

Sai harshe. Mace ce ta ƙarshen ƙarni na 19, don haka ba ta ƙirga lokaci da agogo, sai da sallolin yini, da damina da kaka da rani. Kunyar ɗan fari za ta hana ta kama sunan Umar kai tsaye, kuma wannan kaɗai ya isa ya ba muryarta wani nauyi, domin tana neman yaron da ba za ta iya kiran sunansa a bainar jama'a ba. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, yana da amfani ƙwarai a nan, saboda Baba ta ba da labarin harin bayi da fansar 'yan uwa kamar yadda mata suka gan shi daga cikin gida. A kuma yi bincike kan hanyar ayari ta hamada da matsayin Murzuƙ a cinikin bayi, amma abin da zai shiga shafi shi ne ƙishirwa da tsagewar ƙafa da yaren da ba ta ji.

Kafin a kai ga bugawa akwai batun haƙƙin mallaka. Tafawa Ɓalewa ya rasu a watan Janairun 1966, kuma dokar Nijeriya tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan mutuwar marubucinsa, wato littafin bai zama na kowa ba tukuna. Ana iya yin rubutun a matsayin atisaye, amma mai niyyar wallafawa ya nemi izini a rubuce daga masu haƙƙin littafin, ya kuma guji kwafo jimlolin asali, sai ƙalilan da ya bayyana inda ya ɗauko su.