Yadda Ɗan Kasuwa Zai Tsara Hidimar Jama'a Daga Cikin Ribarsa

Sana'ata riƙe littafin lissafi ga 'yan kasuwa a nan Sakkwato. Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai mai injin cashe shinkafa, da dillalin albasa, da mai gidan ruwan leda, da mai sayen fatu. Dukansu hannunsu a sake yake. Amma tambayi ɗayansu nawa ya kashe wa jama'a bara, kuma me kuɗin suka gyara, sai ya ce maka, "Allah dai shi karɓa." Amin. Sai dai kyautar da ba ta da tsari, wanda ya fi iya baki da sammako a ƙofar gida shi ke kwashe ta, mabuƙaci mai kunya yana can bai samu ba. Ga yadda nake ba su shawara su tsara abin.

Da farko a raba aljihu uku: zakka, sadakar mutum ta ƙashin kansa, da hidimar kamfani. Zakka ba alheri ba ce, haƙƙi ce: kashi 2.5 cikin 100 na dukiyar kasuwanci idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, kuma Allah Ya faɗi mutum 8 da ake ba wa a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Kada ka ɗebi zakka ka gyara kwalbatin ƙofar shagonka ka kafa allo da sunanka. Fitar da ita daban, ko ka miƙa ta ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Sadakarka kuwa tsakaninka da Ubangijinka, ba ruwan littafina da ita. Ta ukun ce muke magana a kai.

Ita ana yanka mata kaso ne tun farkon shekara, ba ranar da aka zo roƙo ba. A Indiya dokar 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan al'umma. Mu nan tilas ɗin ya fi fitowa fili a ɓangarori biyu. Dokar man fetur ta 2021 ta sa kamfanonin haƙo mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu a asusun garuruwan da suke aiki, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce sai mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da mutanen wurin kafin ya soma. Wannan ta biyun ta shafe mu, tunda ƙasarmu ta dutsen siminti ce, ga masana'antar siminti ta Kalambaina nan shaida. Matsakaicin ɗan kasuwa babu mai tsare shi, don haka shi zai ɗaure kansa. A ce ribarka ta shekara naira miliyan 20 ce, ka yanka kashi 2, ka samu 400,000. Buɗe musu asusu daban a banki. Duk wanda ya zo da takardar neman gudummawa bayan sun ƙare, amsarsa ɗaya ce: sai baɗi, in Allah Ya kai mu.

Kafin ko kwabo ya fita waje, sai a duba cikin gida, kuma a nan nake samun saɓani da iyayen gidana. Wanda bai biya leburorinsa a kan kari ba, ba shi da hurumin raba buhunan shinkafa a gaban kyamara. 'Yan dakon da ke sauke maka kaya cikin ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, suna da rumfa da randar ruwa? In ɗaya ya karye a bakin aiki, wa ke biyan kuɗin asibiti? Sannan ɓarnar da sana'arka ke yi wa maƙwabta. Injin shinkafa na tura ƙaiƙayi da ƙura cikin gidajen mutane, mata su shanya tsaki ya koma ba ya ciyuwa. Ledar ruwa na toshe magudanai, damina ta faɗi a watan Yuli ruwa ya shiga ɗakuna. Ruwan jima yana da warin da kowa ya sani. Manyan motoci na farfasa hanyar unguwa. Gyaran waɗannan bashi ne a kanka, ba kyauta ba, kuma ni a shafin kuɗin gudanarwa nake rubuta shi, ba na yarda a ciro daga kason jama'a.

In gida ya gyaru, sai tambaya. Ka bi ta hannun uban ƙasa da hakimi da liman, wannan ladabi ne kuma kariya ce. Amma kada ka tsaya a zaure. Tura mace mai hankali, ko ungozoma ko malamar Islamiyya, ta shiga gidaje ta ji ta bakin mata, domin abin da dattawa za su faɗa a gabanka daban, abin da ke hana uwar gida barci daban. Na taɓa raka wani maigidana wani ƙauye ta wajen Kware, ya riga ya ƙudura zai sake wa masallaci fenti da tayil. Aka gama godiya, sai wani tsoho da ke gefe ya ce, "Alhaji, Allah shi saka da alheri. Amma wanga masallaci ko babu fenti muna salla. Ruwan alwala dai ɗiyanmu ka tafiya nesa su ɗebo." Nan take maganar ta koma ta rijiya.

Rijiyar burtsatse kuwa haƙa ta ne mai sauƙi. Ka zaga ƙauyukanmu ka ga tankunan da ke tsaye a bushe, da allon sunan mai kyauta yana tsatsa, saboda famfo ya lalace an rasa mai sayen ƙaramin ƙarfe. Don haka kafin mota ta zo haƙa, a zauna a amsa: filin na wane ne, kuma an rubuta ya bayar? Wa ke riƙe makulli? Wa ke goge ƙurar hunturu daga faifan sola, wa ke gadinsu da dare? A kafa kwamiti ƙarami da mace a ciki, a sa ɗan kuɗi kaɗan a kan kowace jarka, 'yan garuwa su biya fiye da masu ɗiban na sha, a riƙa tara kuɗin gyara. Wasu na ganin karɓar kuɗi ya ɓata ladan. Ni ban ga haka ba. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina ana ambatonta ne saboda ta ɗore, kuma in kana son taka ta zama waƙafi, a rubuta hakan da shaidu, don kada magada su tashe ta bayan ranka.

Akwai matakin da ya fi wannan, shi ne hidimar da ke ciyar da kanta daga cikin sana'arka. A Bangladesh, Muhammad Yunus mai bankin Grameen, wanda ya samu kyautar Nobel a 2006, ya haɗa kai da kamfanin Danone a shekarar suka soma yin kindirmo mai ƙarin sinadarai don yaran talakawa, ana sayarwa da arha, ribar na komawa cikin aikin. Ba sai ka kai su ba. Ɗauki albasa. Manomin fadamar Rima, ko na Wurno ko Goronyo, yana sayar da ita da kakarta a lokacin da ta fi araha, saboda bashin taki da man injin ban-ruwa na wuyansa, in ya ajiye kuma rabi ta ruɓe. Dillalin da ke da hali sai ya gina rumbun ajiya mai shan iska, a ɗaga daga ƙasa, manoma su kawo a auna a ba su takarda, a cire ɗan kuɗin ajiya a kan kowane buhu ranar sayarwa. Manomi ya samu farashin bayan kaka, dillali ya samu kaya masu kyau a hannu. Mai sayen fatu kuma, jar akuyarmu duniya ta san fatarta, amma wuƙar mai fiɗa ke kashe mata daraja. Koya wa yaran mahauta fiɗa ba tare da huda ba, ka ƙara kuɗi a kan duk fatar da ta zo lafiya. Mai injin shinkafa ya ba matasa ƙaiƙayin da ke damun maƙwabta su matse shi ya zama makamashin girki.

Irin wannan aiki yana son littafinsa daban da mutum ɗaya mai alhakinsa. Sau da yawa dabarar na wurin wani yaron shago da ba a taɓa tambaya ba. Ba shi jari ƙayyadadde da wa'adi, ka gaya masa ba riba mai yawa kake nema ba, uwar kuɗi ta dawo kawai. In za a ba manoma kuɗi tun kafin girbi, a zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki a tsara shi a kan salam (a biya kuɗi yanzu, a karɓi kaya daga baya) ko mudaraba (wani ya sa jari, wani ya yi aiki, a raba riba), a faɗi awo da lokaci, kada taimako ya rikiɗe ya zama kuɗin ruwa ko danniya.

Sauran na takarda ne. In aikin ya girma har wasu na son sa hannu, yi masa rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuɗinsa su rabu da naka. Kada kason jama'a ya shiga siyasa: dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa, kuma rijiyar da aka buɗe ana saura wata ɗaya zaɓe, rabin gari ba za su ɗauke ta tasu ba. Hoton gini da na tanki a ɗauka, amma fuskar marainiya tana karɓar atamfa ba kayan Facebook ba ce. Ƙarshen shekara a rubuta shafi ɗaya: nawa aka ware, nawa aka kashe, me ke aiki har yanzu, me ya tsaya kuma don me. A karanta wa ma'aikata, a kai wa hakimi kwafi, sannan a yanka kason baɗi.