Yadda zaka sayi tikitin babban wasan daɓe a Abuja ba tare da kuɗinka sun maƙale ba

Da an shiga Nuwamba zaka fara ganin fastoci na yawo a WhatsApp da Instagram, wai babban wasan daɓe mai waƙa da rawa zai zo Abuja daga Legas, 'yan wasa rututu, makaɗa a gefe, fitilu kala-kala. Mutanenmu yanzu sun fara leƙawa kuma abin yana da daɗi wallahi, sai dai yawancinmu sai an sha mu sau ɗaya kafin mu gane kan abin. Ni dai an sha ni.

Ƙanwata ce ta taso tun daga Jos, ta biyo ta Akwanga da Keffi ta sha gosulon Mararaba, don na saya mana tikiti biyu tun saura wata guda. Muka ci kwalliya muka isa ƙofar holin wajen shida da rabi, sai ga mai gadi zaune a benci da 'yar rediyonsa, an manna takarda ɗaya a get da salatif wai an ɗaga sai nan da sati uku. Ta kalleni tace "Yaya, dama baka kira ka tambaya ba?" Ban kira ba. Ashe tun shekaranjiya suka sanar a shafinsu, ni kuma bana bin shafin, fosta kawai na gani a status ɗin wani. Washegari na ƙara mata kuɗin mota ta koma, kuɗin tikiti kuma sai da na yi ta bibiya kamar mai bin bashin gado.

Toh, fara da farashi tunda nan ne kowa ke yin tsaki. Kafin kace sun cika tsada yi wannan lissafin, misali ne kawai na ƙirƙira don ka gane. A ce wasa ya ci naira miliyan 40, holin na ɗaukar mutum 400, za a yi sau biyar. Kujera 2,000 kenan, ko da ba kujera ɗaya da ta tafi a banza sai kowa ya biya 20,000 kafin furodusa ya maida uwar kuɗi, ba a ma zo maganar riba ba. Kuma 400 ɗin ba da ka na faɗa ba, kusan girman zauren Terra Kulture kenan na Legas wanda Bolanle Austen-Peters ta buɗe a 2017, inda manyan wasannin nan da yawa suke fitowa. Fim in ka gama shi sau ɗaya zaka yi ta haskawa, shi kuwa wasan daɓe duk dare sai an biya mutane masu rai, mai ganga, mai jita, masu rawa, mai fitila, mai ɗinki da ke bayan labule da allura a baki. In sun taho Abuja ƙara kuɗin jirgi ko mota, otal, hayar holi, hayar sifiku da makirufo, ga dizal don ba wanda zai dogara da wutar NEPA a tsakiyar waƙa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa komai na sufuri ya tashi. Shi yasa kake ganin tambarin banki ko kamfanin waya a ƙasan fosta, in ba don su ba tikitin sai ya fi haka.

Ba mu kaɗai bane. A Amurka wasan Hamilton a 2016 kujerarsa mafi tsada ta kai dala 849, amma a wasan ɗaya ɗin akwai kujerun dala 10 da ake rabawa ta ƙuri'a. Abinda nake so ka ɗauka anan shine wasa ɗaya ne, farashin ne kala-kala, kuma mai tsadar ba lallai ya fi ka gani ba.

A nan gida yawanci zaka ga na gama-gari, VIP, wani lokaci da VVIP, sai tebur na kamfanoni. Kar ka biya sai ka tambayi abu ɗaya: yaya ƙasan holin yake? Yawancin wuraren da ake irin wannan a Abuja zauren taro ne ba gidan wasa ba, irin su Congress Hall na Transcorp Hilton a Maitama, taro da biki da dina aka fi yi a ciki. In ƙasa a shimfiɗe take kujerun baya basu ɗaga ba, mai tikitin gama-gari da ya makara ƙeyar mutane da gwaggwaron matan gaba zai kalla, ƙafar masu rawa kuwa sai dai a bashi labari. A irin wannan wurin ko ka ƙara kuɗi ka matsa gaba ko ka zo da wuri ka kama layin farko na ɓangarenka. In kuwa kujerun hawa-hawa suke, na tsakiya ya ishe ka, ni na ma fi son tsakiya, don layin gaba sosai wuyanka zai ƙage kuma sifika na dukan ƙirjinka har a tashi. Tambayi kuma ko akwai lambar kujera a tikitin ko wanda ya riga zuwa ne, mutane da yawa anan suke faɗa da masu nuna wuri.

Akwai rangwamen masu saya da wuri, akwai na ɗalibai wani lokaci, akwai na rukuni in kun kai goma ko fiye, wannan sai ka tambaya don ba kullum suke rubutawa ba. Amma rangwamen wuri ɗin nan shine tarkon da na faɗa. Shawarata, in baka taɓa jin sunan masu shiryawar ba, bar rangwamen, jira sai saura kwana huɗu ko biyar, ka ga sun fara saka bidiyon rihazal da hoton ana kafa dandamali a cikin holin da suka ce. Gara ka biya ƙarin dubu kaɗan akan abinda ka tabbata za a yi. Kuma ka saya ta hanyar da shafinsu na asali ya nuna, in tiransfa ce duba sunan akawun ya zama na kamfani ba na wani mutum ba, ka aje rasit da alat da sikirinshot na fostan mai kwanan wata. Ka duba jimillar ƙarshe kafin ka danna, masu saida tikiti ta intanet suna ɗora nasu cajin a kai. Masu cewa "ina da ragowar tikiti biyu, zo inbox" ka rabu dasu, lambar da ake sikanin a ƙofa ana iya turawa mutum biyar, wanda ya riga shiga shi ya ci.

Sai maganar 'yan wasa, wadda mu da muka taso da fim muke yawan kuskure a kai. Mun saba in fuskar jarumi na jikin fosta to yana cikin fim ɗin, magana ta ƙare. A daɓe ba haka bane. Muryar mutum tsoka ce, tana gajiya, wanda ya yi awa biyu yana waƙa yana tsalle da ƙarfe uku na rana ba lallai ya iya maimaitawa da bakwai na dare ba. Shi yasa duk wasan kirki yana da ɗan benci, wanda ya haddace rawar jarumin kaf yana jiran ranar da zai shiga, wani wasan ma mutum biyu ake ba matsayi ɗaya suna karɓa-karɓa. A Broadway, unguwar manyan gidajen wasan daɓe ta New York, inda ake wasa takwas a sati wannan ba abin magana bane. Saboda haka in don wani takamaimai zaka je, tura musu saƙo ka tambaya wace rana kuma wane lokaci zai hau, ka aje amsar. Ka lura da kalmomin fosta ma, wani fitaccen baƙon fitowa ne kawai, minti biyar ya yi waƙa ɗaya a daren farko ya kama jirgin safe. Amma fa kar ka raina ɗan benci, sau da yawa ya fi oga zafi don shi yana neman suna ne, oga kuwa ya riga ya samu.

Ɗagawa kuma iri-iri ce. Akwai ta awa, an ce bakwai sai takwas da rabi don ana jiran babban baƙo, wannan mun saba, ka dai ci abinci kafin ka fito. Akwai ta kwanaki, wadda yawanci ko kuɗin masu ɗaukar nauyi basu faɗo ba, ko wani taron manya ya ƙwace holin, ko motar kaya ta maƙale a hanya, ka tuna ambaliyar 2022 da ta datse hanyar Lokoja har mai ya yi wuya a Abuja, yawancin abinda ya taso daga kudu ta nan yake bi. Akwai kuma wadda wasan ne kansa bai nuna ba. Mafi shahara a wannan shine wasan Spider-Man na Broadway, wanda ya ci kusan dala miliyan 75. Sun fara nunin gwaji a ƙarshen Nuwamban 2010, mutane na biyan kuɗi suna kallo, igiyoyin tashi sama na maƙalewa, wani ɗan wasa ya faɗo ya ji mummunan rauni a Disamba, aka yi ta ɗaga ranar buɗewa, darakta ma ta bar aikin, ba a buɗe a hukumance ba sai 14 ga Yunin 2011 bayan nunin gwaji 182. Masu dala miliyan 75 kenan, balle namu da ke jiran alat ɗin sifonsa.

Abinda zaka yi mai sauƙi ne. Kafin ka biya tambaye su a rubuce, in an ɗaga za a maida kuɗi ko sai dai a canja min rana, in an soke kwana nawa kafin kuɗina su dawo? In suka yi ta kwana-kwana ka riƙe kuɗinka. Bi shafinsu ka kunna sanarwa, sannan ranar wasan da safe ka kira holin da kansa ba masu shiryawa ba, ma'aikacin wurin zai gaya maka gaskiya ko an kafa kaya ko ba a kafa ba. In daga Jos ko Kaduna wani zai taho kar ya hau mota sai ka yi wannan kiran, kar kuma ka biya otal ɗin da ba a maida kuɗi. In wasan na kwana uku ne ni ranar tsakiya nake zaɓa, daren farko makirufo na ƙara ana ta jawabin godiya, daren ƙarshe muryoyi sun dishe.

Lokacin sallah ma ka saka a lissafi, na ƙarfe uku yana cin la'asar, amma yawanci akwai hutun rabin lokaci na kamar kwata, ka nemi masallacin wurin tun kafin a kashe fitilu don kar ka yi ta lalube. In da yara ko su Hajiya zaka je, kalli guntun bidiyonsu tukuna ka ga irin shigar masu rawar, kar ka ƙare kana kallon silin awa biyu. Wanda ke Kubwa ko Lugbe ko Nyanya kuma ya shirya motar komawa tun da rana, don in aka tashi sha ɗaya saura kowa ya danna Bolt lokaci guda, farashin sai ya kusa kamo na tikitin.