Yadda na gyara miyar tumatir da ke yi min tsami tana tsinkewa

Da sanyi ya kankama, ba abin da nake so da dare kamar miyar tumatir mai zafi, wadda ake sha da cokali. Amma sau uku ina yi tana ɓaci: tsami har ya kama haƙori, kuma da na zuba madara sai ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji fari a saman tukunya. Raina ya ɓaci sosai.

Na fara ƙara sukari. Bai yi ba, domin sukari rufe tsamin kawai yake yi, ba ya kashe shi, kuma tsamin nan ne ke tsinka madara.

Abin da ya yi aiki shi ne gasa tumatirin. Na raba tumatir kilo 1 biyu-biyu, na shafa mai, na sa a oven mai zafin digiri 200 na minti 40, har gefensu ya fara yin baƙi-baƙi, ruwan ya ragu, zaƙinsu ya fito. Albasa kuwa na soya ta a ƙaramar wuta har ta yi laushi. Bayan na markaɗa, na zuba kwatan ƙaramin cokali na bekin soda don rage tsamin. Nan take ta yi kumfa, ta lafa. Kada a wuce haka, sai ta yi ɗanɗanon sabulu.

Madarar ma na ɗumama ta daban, na sauke tukunya, na ɗebo miya ludayi ɗaya na juya a cikinta, sannan na mayar duka. Ta fito sumul.

Na kuma daina dafa ta a tukunyar alminiyam, don tsamin tumatir yana jawo ɗanɗanon ƙarfe.