Yawon Buɗe Ido da Zama da Mutane a Ƙasar Karatu: Inda Ɗalibanmu Suka Fi Yin Tuntuɓe

Duk shekara, daga watan Agusta zuwa Oktoba, iyalai a nan Jos sukan raka 'ya'yansu tashar motar Abuja domin su hau jirgi zuwa Ingila, Turkiyya, Masar, Malesiya ko Saifurus. Nasihar da ake yi musu kusan iri ɗaya ce: a riƙe ibada, a dage da karatu, a guji abokan banza. Nasiha ce mai kyau, sai dai ba ta taɓo lokacin da ɗalibi zai shafe a wajen aji ba, alhali shi ne mafi yawan rayuwarsa a can, kuma a cikinsa ne ake faɗawa da yawa daga cikin matsalolin da ke dawo da yaro gida ba shiri.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne na ɗalibin da ya ɗauki kulle kansa a ɗaki a matsayin natsuwa. Daga aji sai ɗaki, tukunyar shinkafa da miya a kan risho, waya a hannu ana hira da mutanen gida har tsakar dare, in kuwa ya fita to wurin 'yan ƙasarsa ya nufa. Zama da 'yan uwa ba laifi ba ne, su ne za su nuna masa inda ake sayar da manja da garin tuwo, kuma su ne za su tsaya masa ranar rashin lafiya. Amma idan ya shekara huɗu a Istanbul bai iya cinikin tumatir da Turkanci ba, ya yi asarar rabin abin da iyayensa suka biya. Ɗan Jos yana alfahari da cewa ya san sanyi, sai dai sanyin Disamba a Landan yana zuwa ne da duhu, domin rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, kuma wanda ba shi da inda zai je da wanda zai gaisa da shi, ƙunci yana kama shi ba tare da ya ankara ba. Gyaran yana cikin makon farko na zango, lokacin da ƙungiyoyin ɗalibai suke neman sababbin mambobi: ya shiga ta 'yan Najeriya, sannan ya ƙara da guda ɗaya wadda ba ta da alaƙa da ƙasarsa, ko ta ƙwallo ce ko ta fannin da yake karantawa.

Wasu kuma suna zaton yawon buɗe ido sai mai kuɗi. Ba a biyan ko kwabo kafin a shiga babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, kuma a can ɗalibi zai ga tagullan masarautar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Wanda ya taɓa tsayawa gaban kawunan yumɓu na Nok a gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, zai kalli waɗannan kaya da wani ido dabam. Mai karatu a Alƙahira kuwa yana da masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, ga kuma dalar Giza a bakin gari. Katin shaidar ɗalibi yana rage kuɗin shiga wurare da yawa, kuma a Ingila akwai katin jirgin ƙasa na matasa da ke cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Abin da bai kamata ba shi ne hawa jirgi ba tikiti don an ga babu mai tsaron ƙofa; a Jamus tarar wannan yuro 60 ce, kuma maimaita shi yana iya kai mutum gaban alƙali.

Inda na fi son a tsaya a natsu shi ne maganar ƙetare iyaka. Ɗalibi yana ganin abokan ajinsa Turawa sun ɗauki jaka sun tafi Faransa hutun ƙarshen mako, sai ya manta cewa fasfonsu dabam nasa dabam. Bizar karatu ta Ingila ba ta shigar da ɗan Najeriya Faransa ko Jamus, domin Birtaniya ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, dole sai ya nemi wata bizar tun da sauran lokaci. Wanda yake da takardar izinin zama a ɗaya daga cikin ƙasashen Shengen yana iya ziyartar sauran, amma kwana 90 kacal a cikin kowane kwana 180, kuma wannan izinin bai haɗa da Ayalan ba. Ɗalibanmu da ke arewacin Saifurus su ma su sani cewa Turkiyya ce kaɗai ta amince da wannan yanki a matsayin ƙasa, saboda haka takardarsu ba ta ba su damar ƙetarawa kudancin tsibirin. Kafin a sayi tikiti, a duba ranar ƙarewar fasfo, domin ƙasashe da yawa suna son a ce saura aƙalla wata 6, a kuma tabbatar takardar zama ba za ta mutu ana kan hanya ba. Tambaya ɗaya a ofishin kula da baƙin ɗalibai na jami'a ta wadatar, kuma ba a biyan kuɗi a kanta.

Haka nan, yawo bai kamata ya ci lokacin aji ba. Jami'o'in Ingila suna ƙididdige halartar baƙin ɗalibai, kuma wajibi ne su sanar da hukumar shige da fice idan ɗalibi ya daina zuwa. Mai neman kuɗin yawo ta hanyar ƙarin aiki ya tuna cewa awa 20 a mako aka yarje wa mai karatun digiri a lokacin zango. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma duk fam ɗin da aka kashe don a ɗauki hoton burge mutane a Instagram, wani mahaifi ne a kasuwar Dilimi ko ta Taminus ya yi gumi a kansa.

Kunya da kara halayenmu ne masu kyau, amma a ƙasar waje miyagu suna shiga ta nan. Sabon aboki zai ce, «Ɗan uwa, don Allah ara mini asusunka na banki, za a turo mini kuɗi ne daga gida,» wani kuma zai ce a riƙe masa 'yar jaka a kai wa ƙanwarsa. Amsar duka biyun ita ce a yi haƙuri, ba zai yiwu ba. A Birtaniya, barin kuɗin haram su bi ta asusun mutum laifi ne da hukuncinsa ke iya kai shekara 14 a kurkuku, kuma cewa ban sani ba ba ta cika fitar da mutum ba. A Malesiya, safarar miyagun ƙwayoyi tana iya kai ga hukuncin kisa. Maganin da ake ɗauka da sauƙi a gida, irin su tiramol, yana iya jefa matafiyi kurkuku a Masar idan babu takardar likita. Ko kilishin da Hajiya ta ƙunsa da ƙauna, doka ba ta yarda a shiga da shi Ingila ko Amurka ba.

A wajen mu'amala, wanda ba ya shan giya ya faɗa tun farko cikin fara'a, zai ga yawanci ana girmama hakan. Idan an ce ƙarfe 7 to ƙarfe 7 ake nufi, kuma idan an gayyace shi cin abinci a waje, ya tafi da kuɗinsa, domin a wurare da yawa kowa nasa yake biya. Kada ya ɗauki hoton yaran mutane ko na barikin soja da shingen 'yan sanda.

Sai batun sanar da inda aka nufa, wanda matasa suke gani kamar takura. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, an kwashe ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a cikin zafi kafin a bar su su wuce. A irin wannan yanayi, jerin sunayen da ke hannun ofishin jakadanci da ƙungiyar ɗalibai ake fara dubawa. Saboda haka ɗalibi ya ba da sunansa a wuraren nan biyu tun watan da ya sauka, ya ajiye hoton fasfonsa da na takardar zamansa a imel, ya bar kwafi a hannun iyayensa, kuma duk lokacin da zai kwana a wani gari ya gaya wa mutum ɗaya a makaranta inda zai sauka da ranar da zai dawo.