Yadda ake karatun elektronik da infarmatik a jami'a ba tare da shekarar farko ta kada kai ba

Kowace shekara da sakamakon bak ya fito waya ba ta barina in huta, ƙannai daga Tawa da ɗiyan maƙwabta nan Yamai, tambayar guda ce: yaya, ina son in yi infarmatik ko elektronik, ina zan shiga? Shi ya sa na ce bari in rubuta sau guda kowa ya karanta. Na ga yara masu kai sosai sun shiga da murna, kafin shekara biyu sun sake fanni ko sun koma gida, kuma kusan dukansu wuri guda sunka faɗi, wurin da ni ma na sha ƙasa.

Da farko ka san mi kake nema, don mutane na haɗa biyun kamar abu guda ne. Elektronik shi ne abin da hannu ke taɓawa: sirkwi, taranzisto, siginal, injin lantarki, pano na rana. Infarmatik kuwa algoritim ne da rubuta purogaram da tsara bayanai da rezo. Inda suke gamuwa shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwar nan da ke cikin kontar wuta ta kati ko injin cire kuɗi na banki, ƙarfe ne amma sai an rubuta mishi umarni yake aiki. In kana shakka tsakanin biyun ɗauki elektronik. Mai elektronik na iya koyon purogaram a ɗakinshi da kwamfuta guda, amma mai infarmatik ba zai samu osiloskop, na'urar ganin siginal, a gidansu ba. Wasu abokaina ba su yarda da ni ba a nan, amma ni haka na gani. Kuma wannan hanya ta masu bak C da D da E da na tekinik ce, wanda ya yi A ba a rufe mishi ƙofar kwamfuta ba amma ya nemi ɓangaren gudanarwa, kada ya jefa kanshi cikin lissafin injiniyoyi.

Sai zaɓen makaranta. A Yamai akwai jami'ar Abdou Moumouni can Harobanda in ka ƙetare gadar Kennedy, tsangayar kimiyya da fasaha na da sashen lissafi da infarmatik da sashen fizik. Kusa da ita akwai EMIG, makarantar injiniyoyi, ita da kwankur ake shiga. Akwai IAI ta infarmatik, akwai ESCEP ta sadarwa. Maraɗi jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na da IUT, makarantar horar da tekinisiye, mai koyar da lantarki, jami'ar Doso kuma da anka buɗe a 2014 harkar fasahar sadarwa ta sa gaba. Tamu ta Tawa, jami'ar Djibo Hamani, ta fi karkata ga shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, don haka ɗan Adar mai son lantarki ya shirya jakarshi tun wuri kuma ya nemi inda zai sauka. Makarantu masu zaman kansu sun cika gari, wasu na da kyau, amma kafin babanka ya zuba ko jika guda ka tahi da ƙafarka ka ce a nuna maka labo. Ka ƙirga kwamfutocin da ke kunnuwa da gaske, ka tambayi ɗalibin shekara ta biyu sau nawa ya taɓa kayan aiki, kuma ka tabbata gwamnati ta san da difilom ɗin. Takardun bursu na ANAB kuma a haɗa su da wuri, kowace shekara sai na ga wanda ya makara saboda takardar haihuwa ko ta zama ɗan ƙasa.

Hutun da ke tsakanin bak da shiga jami'a kada ka kwashe shi duka a fada ana shayi. Koma kan littafin lissafin taminal: nombur kwampilek, deribe, antegiral, sinus da kosinus, logaritim. Dalili shi ne wutar NIGELEC da ke bangon ɗakinku, volt 220 mai kai da kawo sau 50 a daƙiƙa, sinus ce, kuma duk lissafin kondansate da bobin da nombur kwampilek ake yinshi, sai dai masu lantarki na rubuta j maimakon i don i ta kuran ce. Malami a anfi ba zai koma baya dominka ba, zai rubuta ya shafe ya wuce.

To ga wurin da ake faɗuwa, hadda.

Mun taso da hadda tun makarantar allo har lise, kuma ta yi muna amfani, amma a wanga fanni guba ce. Shekarata ta farko na haddace darasin algoritim kamar yadda anka rubuta shi, na tara tsofaffin jarrabawowi na haddace amsoshinsu, na samu maki mai kyau har ana yaba ni. Ranar da anka aje ni gaban kwamfuta anka ce in rubuta ɗan purogaram da zai jera lambobi goma daga ƙarami zuwa babba, na yi awa biyu ban iya ba, alhali wannan algoritim ɗin na rubuta shi a takarda ya fi sau ashirin. A labo ma haka, dokar Ohm na bakina, tansiyon daidai yake da rezistans sau kuran, amma da anka miƙo mini miltimetir, na'urar auna wuta, in auna sai na bar wayar a ramin ampe na ɗora ta kai biyu na batir, fiyus ya ƙone nan take. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na kwana ina tunanin kuɗin da tsohona ke turowa daga Tawa, kuma sai da na sake wancan darasi daga tushe.

Abin da na koma yi, kuma shi nake tilasta ma duk ƙanen da ya zo hannuna: duk abin da anka koyar cikin sati, kafin Lahadi ta wuce sai hannunka ya yi shi.

A ɓangaren lantarki sayi miltimetir naka, mai arha ma ya isa, bai kai kuɗin forfen intanet da kake zubawa cikin wata biyu ba. Koyi abu biyu har su zame maka jiki: tansiyon ana auna shi ta ɗora wayoyi kai biyu na abin, kuran kuwa sai ka yanke hanya ka sa na'urar a tsakiya ya ratsa ta cikinta, kuma da ka gama ka mayar da jar wayar ramin volt. Sannan ɗauki ƴar fitilar LED ja da volt 5 na cajar waya. Fitilar na cin wajen volt 2, saura 3, kana son miliampe 15, raba 3 da 0,015 ka samu om 200, sai ka sa rezistans na 220 wanda ake samu, mai zane ja, ja, ruwan ƙasa. Ka lissafa, ka haɗa, ka auna, ka ga ko abin da na'ura ta nuna ya yi kusa da na takarda, in bai yi ba ka nemi dalili kafin ka kwanta. Kayan gwaji ba sai sababbi ba, shiga Katako ka sayi mataccen rediyo ko tsohuwar caja ka ciro rezistans da diyod da kondansate da ƙarfen narka dalma, nan za ka koyi liƙi. Amma kada ka yi wasa da wutar bango, volt 220 ɗin nan ƙololuwarshi na kai 311, kuma babban kondansate na tsohuwar tele na riƙe wuta ko an cire ta daga wutar bango. Shekarar farko tsaya kan batir da volt 5 ko 12. In kun haɗa kuɗi ku uku ku sayi Arduino Uno guda, ɗan allon lantarki mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, shi zai haɗa muku lantarki da purogaram wuri guda, ku sa shi ya auna zafin ɗaki ya kunna banti da kanshi.

A ɓangaren purogaram fara da harshen rubuta purogaram da ake kira C. Na san yara yanzu Python suke so don sauƙinshi, za ka zo gare shi, amma C da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972 shi ne har yau ke cikin ƙananan na'urori, kuma shi ke nuna maka abin da ke faruwa cikin memuwar. Kada ka kwafa ka liƙa, ko daga intanet ko daga wayar aboki ko daga manhajojin nan masu ba da amsa. Buga kowane layi da yatsunka. In jan rubutu ya fito ka karanta shi, yana gaya maka lambar layin da matsalar take, yawanci waƙafi mai ɗigo ka manta. In purogaram ya tashi amma amsar ba daidai ba, ja tebur a takarda, kowane bariyabil da layinshi, ka bi umarnin ɗaya bayan ɗaya kamar kai ne injin. Wanga tebur shi ya buɗe mini kai bayan shekara guda ta hadda. Kowace rana awa guda ya fi ka kwana kai ranar jajibirin jarrabawa.

Maganar kwamfuta: ta hannu ta isa, ka duba RAM ya kai giga 8, disk ɗin SSD ne, kuma batir na riƙe aƙalla awa biyu, don a watan Afrilu da Mayu in zafi ya wuce 40 ɗauke wuta ba ta da lokaci. Kada ka aje ta bisa katifa, ƙurar hunturu ma na toshe mata iska, a hure ta lokaci lokaci. Sa Linux gefen Windows tun yanzu, kuma aikinka ya zamana yana wuri biyu, kile USB da intanet.

Tsarin LMD (lisans, masta, doktora) kuwa lisans shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30, jimla 180, masta ƙarin shekara 2. DUT da BTS, difilom ɗin tekinisiye, shekara 2 ne ga mai son fita aiki da wuri. Kada ka ja bashin darasi zuwa shekara ta gaba da sunan za ka rama, bashin lissafi musamman yana haihuwa. Nemi abokan karatu biyu, kar su wuce haka, in an yi yawa hira ake. In yajin aiki ya tsayar da karatu wannan lokacin na aikin hannunka ne. Kuma Ingilishi dole ne, takardun bayanin kowane kwamfozan da yawancin littattafan purogaram da shi anka rubuta su, ba sai ka iya zance ba, ka iya karantawa. Ƙannaina mata, duk wannan da ku nake, matan da na yi aji da su sun fi mu tsabtar liƙi da haƙurin neman kuskure, kada wani ya ce muku aikin maza ne.

Sitaj ka fara nema tun hutun shekara ta biyu, ko shagon mai gyaran waya ne ko mai kafa pano, kar ka jira sai babban kamfani. Wuraren aiki sanannu ne: Airtel, Moov, Zamani, Niger Telecom, NIGELEC, bankuna, kamfanonin tura kuɗi, ƙungiyoyin agaji, ma'aikatun gwamnati bayan sabis sibik. Ba sa ɗaukar kowa, kuma ba zan ɓoye maka ba akwai masu difilom da ke zaune. Waɗanda na ga sun tsira da wuri su ne masu abin nunawa a hannu, da masu ƙara satifika ta rezo irin CCNA. Ni dai inda nake tura mutane shi ne wutar rana. Shi kanshi Abdou Moumouni da jami'a ke ɗauke da sunanshi a kanta ya yi bincikenshi, tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda mai 30 ta biyo, kuma kowane ƙauye yanzu ana son famfon rana da firjin asibiti, ga antenonin waya da ke buƙatar mai kula da batir. Yi rajista a ANPE, hukumar masu neman aiki, ka leƙa CIPMEN, cibiyar raino sababbin kamfanoni, in kana da tunanin kafa naka, kuma ranar ganawar neman aiki ka tahi da abin da ka haɗa cikin jaka, ka ɗora shi bisa tebur ka kunna.