Yadda za ka auna kafin ka bar Android ka koma iPhone, ko ka bar iPhone ka koma Android

Wanda ya ajiye Samsung ya ɗauki Tecno, ko ya ajiye tsohuwar iPhone ya ɗauki sabuwa, ɗaki kawai ya canza a cikin gida ɗaya. Da ya shigar da asusunsa, kayansa za su biyo shi. Amma wanda zai bar Android gaba ɗaya ya koma iPhone, ko ya yi akasin haka, ƙaura ce zai yi, kuma a ranar ƙaura ba kowane kaya ne ke shiga mota ba. Tun da iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko ta biyo bayanta a 2008, Apple da Google kowa ya kewaye gidansa da katanga: kasuwar manhajojinsa daban, rumbun ajiyarsa daban, hanyar saƙonsa daban.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kwashe makonni yana kallon wayar da zai saya, bai taɓa zama ya duba ta hannunsa ba. Alhali amsar tana cikin tsohuwar. Don haka daga nan za mu fara.

Da farko, ɗauki takarda ka rubuta abin da ke korar ka, a jimla ɗaya. Batir ba ya kai yamma? Hoto ba ya fita da daddare? Wuri ya cika? Talla ta dame ka? Sai ka tambayi kanka: wannan laifin wayar ne, ko laifin babbar manhajar da ke tafiyar da ita? Mafi yawan lokuta laifin wayar ne. Android ba waya ɗaya ba ce, kamfanoni da yawa ne ke ƙera wayoyi a kanta, daga mai araha ƙwarai zuwa mai tsadar gaske. Wanda ya gwada ƙaramar wayar Android mai shekara huɗu da sabuwar iPhone bai yi adalci ba, kamar yadda wanda ya gwada iPhone mai gajiyayyen batir da sabuwar Galaxy bai yi ba. Idan matsalarka za ta warware da sabon batir ko da wata wayar a gida ɗaya, ka tsaya nan, ka huta da sauran wahalar. Idan kuwa abin da kake so yana can ne kaɗai, mu ci gaba.

Akwai abubuwan da da gaske na gida ɗaya ne. Android na barin ka saukar da manhaja daga wajen Play Store, iPhone kuwa sai ta App Store, in ban da 'yan wurare irin su ƙasashen Tarayyar Turai inda doka ta tilasta buɗe ƙofar tun 2024. iPhone ba ta taɓa zuwa da gurbin memori ba, girman da ka saya da shi za ka zauna. A ɗaya ɓangaren, iMessage, wato hanyar saƙon Apple, da agogon Apple Watch ba sa aiki da wayar Android, kuma duk iPhone da ake tallafa wa tana samun sabuntawa rana ɗaya da 'yan uwanta, ba sai an jira wani kamfani ya ga dama ba.

Mataki na biyu shi ne ƙidaya, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Buɗe jerin manhajojin wayarka tun daga sama har ƙasa, ka raba su kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda bayanansu ke intanet: Gmail, Facebook, YouTube, Telegram da makamantansu. Waɗannan ba su da matsala, ka shiga da sunanka da kalmar sirrinka ka tarar da komai, sai dai hirarrakin sirri na Telegram waɗanda ke zaune a wayar da aka yi su kaɗai. Kashi na biyu su ne waɗanda ka biya kuɗi. Manhajar da ka saya a Play Store ba za ta bi ka App Store ba, haka ma ta App Store ba ta zuwa Play Store, sake saye za ka yi. Sannan duk wani biyan wata-wata da ka ɗaura ta kasuwar manhaja zai ci gaba da cirar kuɗinka ko ka goge manhajar, ko ma ka sayar da wayar, har sai ka shiga da kanka ka soke shi. Rubuta su duka, ka tara jimillarsu, domin wannan ma yana cikin kuɗin ƙaura.

Kashi na uku ne mai haɗari: waɗanda ke ajiye kayansu a cikin wayar kanta. Manhajar rubuta bayanai, manhajar ɗaukar murya, wasannin da ka yi nisa a cikinsu, da manhajar da ke ba ka lambobin tabbatarwa masu canzawa duk bayan daƙiƙa 30. Ni a nan na ji jiki. Ina da wata ƙaramar manhaja da nake rubuta abubuwa a ciki, lissafi, tunani, har da adireshin mutane, kusan shekara biyu. Na ɗauka tana ajiye kwafi a wani wuri. Ranar da na koma sabuwar waya na ga hotuna sun zo, lambobi sun zo, na goge tsohuwar a daren na ba da ita. Bayan kwana uku na nemi wani rubutu, na saukar da manhajar, ta buɗe mini farin shafi. Har yau ina tuna yadda na riƙa jan fuskar wayar ƙasa ko wani abu zai fito. Da na sani ƙeya ce. Saboda haka kowace manhaja a wannan kashin, ka shiga saitinta ka nemi inda ake fitar da bayanai, ka fitar da su tun tsohuwar wayar na hannunka. Google Authenticator mai ba da lambobin tabbatarwa, alal misali, yana gidajen biyu, kuma yana da hanyar kwashe lambobinsa ta hoton QR da za ka haska da sabuwar wayar.

Sai WhatsApp, wanda ya cancanci a ware masa nasa zancen. Kwafin hirarrakinka a Android yana Google Drive, a iPhone kuma yana iCloud, rumbun ajiyar Apple, kuma ɗaya ba ya karanta na ɗaya. Shekaru da dama babu wata halastacciyar hanyar tsallakawa. An buɗe ta daga iPhone zuwa Samsung a 2021, sannan daga Android zuwa iPhone a 2022. Amma da sharaɗi: lambar waya ɗaya ce za ka yi amfani da ita, kuma a mafi yawan lokuta sabuwar wayar ta kasance ba a saita ta ba tukuna, ko a goge ta ta koma kamar sabuwa. Wato idan ka yi ɗokin kunna ta ka saita komai, sannan ka tuna da WhatsApp, mai yiwuwa sai ka rushe ka sake daga farko. Tarihin kiraye-kiraye kuma ba ya bi. In kana da saƙonnin muryar wani da ba ka son rasawa, ka tura su wani wurin daban tun kafin ranar, kada ka jingina su da hanya ɗaya.

Hotuna sun fi sauƙi, amma akwai lissafin wuri. Google na ba da giga 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, Apple kuwa giga 5 yake bayarwa a iCloud. Manhajar Google Photos tana aiki a iPhone, don haka mai barin Android zai iya ci gaba da ita kamar ba abin da ya faru. Mai barin iPhone yana iya neman Apple ya tura kwafin hotunansa na iCloud zuwa Google Photos, aikin da ke ɗaukar kwana 3 zuwa 7, ka ga ba abin da za a bari sai ranar tafiya ba ne. Wannan na nuna wani abu da ya kamata ka sa a ma'auni: manhajojin Google kusan duk suna iPhone, amma na Apple kaɗan ne ke Android. Shiga gidan Apple ya fi fita daga cikinsa sauƙi.

Na uku, duba abubuwan da ke kewaye da wayar. Agogon Apple Watch zai zama abin ado kawai a hannun mai Android, haka Galaxy Watch daga na 4 zuwa sama ba ya haɗuwa da iPhone. AirPods, 'yan na'urorin sa wa a kunne na Apple, za su yi maka sauti a Android ta Bluetooth, amma wasu dabarunsu za su ɓace. Caja: daga iPhone 5 ta 2012 har zuwa iPhone 14 bakin Lightning ne, sai a iPhone 15 ta 2023 aka koma USB-C irin na wayoyin Android na yanzu. Batun sim kuma kada ka yi wasa da shi. Yawancin iPhone gurbin sim ɗaya gare su, layi na biyu sai ta eSIM, wato sim ɗin da ake saukarwa a cikin wayar ba tare da kati ba, kuma waɗanda aka yi don kasuwar Amurka daga iPhone 14 zuwa sama ba su da gurbin ko ɗaya. Mai layi biyu ya tabbatar kamfanin layinsa na ba da eSIM kafin ya miƙa kuɗi. Ka kuma duba mutanen gidanka da abokan aikinka: da me kuke tura wa juna fayil, da me kuke kiran bidiyo?

Na huɗu, kada ka auna farashin ranar saye kaɗai, ka raba shi da shekarun da wayar za ta ci gaba da samun sabuntawar tsaro. iPhone 6s da ta fito a 2015 ta karɓi sabuntawar babbar manhajarta, iOS 15, a 2021. Google ya yi alkawarin shekara 7 daga Pixel 8 ta 2023, Samsung ma haka daga Galaxy S24 ta 2024, amma wayoyin Android masu araha da yawa ba sa kusantar wannan. Idan ta hannu za ka saya, shekarun da ta riga ta ci a cire su daga lissafi. Kuma kada ka karɓi wayar da asusun tsohon mai ita ke ciki. iPhone tana da makulli tun 2013 da ke hana kunna ta ba da kalmar sirrin mai ita ba, Android ma tana da irinsa tun 2015, goge wayar ba ya cire ko ɗaya daga cikinsu.

Na biyar, gani ya kori ji. Ari wayar wani na kusa da kai na awa ɗaya ko biyu, ka yi ainihin abin da kake yi kullum. Rubuta saƙo mai tsawo. Nemi wani saiti. Sauke fayil ka ga inda ya faɗa. Koma baya daga cikin manhaja, domin a Android hanya ɗaya ce a ko'ina, a iPhone kuwa wani lokaci ka ja daga gefen hagu, wani lokaci ka nemi kibiya a sama. Ƙaramin abu ne, amma sau ɗari hannunka zai yi shi a yini. Baƙunta ta mako biyu ba komai ba ce, kowa na yin ta. Abin da kake nema shi ne abin da kake yi kullum wanda sam babu shi a can. A ra'ayina, idan ka sami irin wannan guda ɗaya tak mai nauyi, ya isa ya rinjayi kyawun kyamara da komai.

Idan bayan duk wannan zuciyarka na nan a kan tafiya, to ga yadda ranar take. Zaɓi lokacin da ba ka jiran wani muhimmin kira. Jona wayoyin biyu a caji. Tabbatar kana tune da kalmar sirrin asusunka na Google ko na Apple, ka gwada shiga da ita a wata na'urar, kada ka dogara da cewa ka sani.

Mai zuwa iPhone ya saukar da Move to iOS a tsohuwar wayarsa, manhajar da Apple ya sa a Play Store tun 2015. Yayin saita iPhone ɗin zai ga zaɓin kwaso bayanai daga Android, za ta nuna masa wasu lambobi, ya shigar da su a tsohuwar, ya zaɓi abin da yake so: lambobin mutane, saƙonni, hotuna, kalanda, WhatsApp. Daga nan ya ajiye wayoyin kusa da juna, ya bar su. Amsa kira ko buɗe wata manhaja a tsakiyar aiki na iya katse shi, sai an faro daga tushe.

Mai zuwa Android ya haɗa wayoyin da kebul, ya fi sauri kuma ya fi kwaso kaya. Samsung na amfani da manhajarsa ta Smart Switch, sauran kuma suna tambaya tun a shafukan farko na saiti. Kafin ya cire sim daga iPhone, lallai ya shiga saiti ya kashe iMessage da FaceTime, manhajar kiran bidiyo ta Apple. In bai yi ba, masu iPhone za su ci gaba da turo masa saƙo ta hanyar da ba ta iso shi, su ɗauka shiru ya yi musu. Wanda ya riga ya rabu da wayar, Apple na da shafin da ake cire lamba daga iMessage.

Bayan an gama, tsohuwar wayar ta zauna a aljihun tebur, da cajinta, aƙalla mako biyu, wata guda ya fi. A cikin kwanakin nan ka bi takardar ƙidayarka layi-layi kana sa alama. Shiga manhajar bankinka, domin da yawansu sai sun tabbatar da sabuwar na'ura. Gwada kowace lambar tabbatarwa. Gangara can ƙasan hirarrakin WhatsApp ka kunna wani tsohon saƙon murya ka ji ko yana nan. Kwatanta adadin hotuna a wayoyin biyu. Soke biyan wata-watan da ke tsohuwar kasuwar. Sai ranar da babu layin da ya rage ba alama, sannan ka fita daga asusunka na Google, ko ka kashe Find My, wato saitin neman iPhone idan ta ɓata, ka fita daga iCloud, ka zare sim da memori, ka goge ta.